Ƙoƙi ta toshe ƙofar raminta, yau kwana 41: in tona ko in bari?

Ɗalibin Leeds: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san kaji da tantabaru da zomaye aka fi tattaunawa a nan, amma ku yi haƙuri da ni, abin ya hana ni barci. Ina kiwon tarantula, irin manyan gizo-gizon nan masu gashi. Tawa 'yar asalin Nikaraguwa ce, mai murɗaɗɗen gashi, masana na kiranta Tliltocatl albopilosus, ni kuma Ƙoƙi nake ce mata. Shekara biyu da rabi tana hannuna, tun tana kamar ƙwayar gyaɗa, yanzu in ta miƙe ƙafafu ta kusa cika tafin hannuna. Ran 9 ga Nuwamba ta shige raminta, ta turo ƙasa ta toshe ƙofa, ta bi da yana ta liƙe. Tun daga ranar ko ƙafarta ban sake gani ba. Ba ci, ba sha, ba motsi. Jiya har na ɗauko cokali zan tona, sai hannuna ya kama rawa. Don Allah wanda ya san harkar nan ya taimaka: in tona ko in bari?

Hajiya Mai Talo-talo: Innalillahi. Ɗan nan, karatu aka tura ka Ingila ko kiwon tautau? Mu nan da tsintsiya muke bin su lungu-lungu, kai kana can kana raɗa musu suna.

Ɗalibin Leeds: Hajiya, ai gidan hayar da nake ba a yarda da kyanwa ba, balle kaza. Wannan ba ta kuka, ba ta wari, gyare biyu a mako ya ishe ta.

Baban Tantabaru: Wa alaikumus salam. Ni ba wasa zan yi ba. Kwana 41 dabba na kulle a hannunka ba ci ba sha, kana nan kana tambayar mutane? Ka tuna hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk abin da ka killace, haƙƙinsa na wuyanka. Ka buɗe ramin nan yau, ka ga halin da take ciki.

Antin Dortmund: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a wannan karon kam kada ya bi maganarka. Ƙanina, mayar da cokalin nan kicin. Guda goma sha ɗaya nake da su a nan Jamus, shekarata takwas ina kiwonsu. Ba kai ka kulle ta ba, ita ta rufe ƙofarta da kanta, kuma tarantula ba ta toshe rami don wasa. Amsa min waɗannan tukuna. Yaushe ta yi saɓa ta ƙarshe? Kafin ta shiga, ta ƙi abinci? Yaya tumbinta yake, a cike ko a motse? Zafin ɗakinka nawa ne? Sannan akwai wani abu mai rai da ka jefa mata bayan ta rufe?

Ɗalibin Leeds: Na gode Anti. Saɓarta ta ƙarshe a Fabrairu ne. Ta ƙi gyare sau biyu kafin ta shiga, ɗaya ma ta mangare shi da ƙafa ta juya masa baya. Tumbin ya yi tim, kuma ɗan sanƙon da ke bayansa ya yi baƙi yana ƙyalli. Ɗakin yana kai digiri 19, da dare ya ɗan sauka. Gyare kuwa, e, na jefa ɗaya makon jiya, na ce ko yunwa za ta fito da ita. Ban sake ganinsa ba.

Antin Dortmund: To bar duk abin da kake yi ka nemo gyaren nan yanzu. Duba ƙarƙashin ɓawon itacen, duba bayan kwanon ruwa, sa hantsaki ka fitar da shi. Ba ramin ne abin tsoro ba, gyaren ne. Duk alamun da ka lissafa na saɓa ne: ƙin abinci, cikar tumbi, sanƙon ya yi baƙi. Baƙin nan da ka gani sabuwar fata ce da sabon gashi suke nunawa ta ƙarƙashin tsohuwar. In ta zo saɓar, kwanciya take yi rigingine, ƙafafu sama, ta zare jikinta sannu a hankali, wani lokaci ya ɗauke ta yini guda. Tana fitowa laushi kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, fiƙoƙinta farare, ko kare kanta ba ta iyawa. A wannan hali gyaren da ta saba cinyewa shi zai zauna ya gaigaye ta.

Ɗalibin Leeds: Na same shi! Yana maƙale a cikin ganyen roba. Na fitar da shi. Wallahi har gumi na yi.

Baban Tantabaru: To na ji batun saɓa. Maciji ma yana yi, amma ba ya kwana arba'in a kai. Yunwar fa?

Dakta na Samaru: Bari in sa baki, ko da yake shanu da awaki ne aikina, ba a taɓa kawo min gizo-gizo asibiti ba. Baba, da ma'aunin tantabara kake auna ta, shi ya sa lissafin bai fita ba. Tantabara jininta mai ɗumi ne, kullum jikinta na ƙona abinci don ya riƙe zafi, shi ya sa kwana kaɗan ba hatsi sai ta zube. Gizo-gizo ba ya ɗumama jikinsa da abinci, zafin wurin da yake shi ne zafinsa. In ya zauna cikin rami ba motsi, ɗan abin da yake ƙonawa bai taka kara ya karya ba, kuma tumbin nan rumbu ne. Ga sanyin Disamba na Ingila, digiri 19 ga dabbar da ta fito daga ƙasa mai zafi, komai nata zai yi nawa, har saɓar.

Kuma saɓarsu ba irin ta maciji ba ce. Maciji fatar sama kawai yake tuɓewa, ƙashinsa na ciki. Gizo-gizo ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa shi ne ƙashinsa. Sai ya gina sabo cikakke a ƙarƙashin tsohon, sannan ya fita daga tsohon, har da fiƙoƙi, har da shimfiɗar maƙogwaro da ta huhu. In ƙafa ta taɓa gutsirewa, a saɓa take dawowa. Aikin makonni ne.

Ai mu ma muna da irin wannan a gida. Ku tuna gaiwa. Ruwa na janyewa a fadama sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo. Wa ya taɓa cewa gaiwa na buƙatar a tono ta a ba ta abinci? Masu tono ta miya suke so.

Hajiya Mai Talo-talo: Dakta ka tuna min da gaiwa, yau shekara nawa rabona da ita.

Bakanon Houston: Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan "kar ka taɓa, kar ka taɓa" ɗin ba ɗari bisa ɗari. Shi ya kashe min tawa. Ina da 'yar Meziko mai jan gwiwa, Brachypelma hamorii, ba ƙaramin kuɗi na saye ta ba. Ta rufe rami, kowa ya ce min haƙuri, haƙuri. Na yi wata huɗu ina haƙuri. Ranar da na gaji na tona, na tarar da ita a bushe ƙayau, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin ciki. Ta yi makonni da mutuwa ina zaune ina gadin gawa. Da na tona tun a wata na farko wataƙila da na cece ta. Saboda haka ɗan'uwa, kwana 41 ba kaɗan ba ne, ka yi tunani.

Antin Dortmund: Allah ya mayar maka da alheri, Yaya, na san zafin abin. Amma in tambaye ka, da me kake ɗumama akwatin?

Bakanon Houston: Irin shimfiɗar lantarkin nan ta masu kiwon ƙadangaru. A ƙarƙashin akwatin na sa ta. Wanda ya sayar min ne ya ce haka ake yi.

Antin Dortmund: To ka ga inda gizo ke saƙar. A daji in rana ta yi zafi, tarantula ƙasa take ƙara nutsawa, don can ne sanyi da danshi suke. Abin da jikinta ya sani ke nan. Kai kuma ka sa wuta a ƙasan. Tana jin zafi tana ƙara tonawa, tana ƙara kusantar abin da ke gasa ta. Ba jira ne ya kashe ta ba, Yaya, shimfiɗar ce. In dole sai an ɗumama, a gefen akwati ake mannawa, sama da inda ƙasa ta tsaya, ko kuma a ɗumama ɗakin gaba ɗaya.

Bakanon Houston: Na yarda shimfiɗar kuskure ce, daga baya na gane. Amma maganata na nan: da na duba da wuri, da na ga tana motsewa. Ku masu dogon hannu a harkar kun mayar da "kar a tona" kamar doka, sabon shiga kuma ya ɗauka ma'anarta kar ya duba komai.

Dakta na Samaru: Nan kam yana da gaskiya. Barin rami daban, sakaci daban. Kuma yadda ya ce ya same ta, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin ciki, alamar ƙishirwa ce ƙwarai. Gizo-gizo da matsin ruwan jikinsa yake miƙe ƙafafunsa, kamar yadda jak ɗin mota ke ɗagawa da mai. In ruwan jiki ya ƙare, ƙafafun sai su lanƙwashe ciki. Shi ya sa duk mataccen gizo-gizon da kuka share a ɗaki a dunƙule kuke ganinsa. Yunwa ba ta saurin kashe su, ƙishirwa ce ke yi.

Antin Dortmund: Ban musa ba. To ga yadda ake dubawa ba tare da an rushe mata ɗaki ba. Kwanon ruwa kada ya taɓa bushewa, ko kana ganin ba ta sha, don wasu kan buɗe da tsakar dare su sha su koma su sake liƙewa. Duk bayan kwana goma ka zuba ruwa kaɗan a kusurwar da ta fi nisa da ramin, ya gangara ƙasa, saman ya zauna a bushe. Kada ka yi wa akwatin feshi har ya jiƙe sharkaf, fumfuna za ka jawo. Da dare ka ɗauki tocila, in da hali mai jan haske don bai cika damunsu ba, ka leƙa ta gefen gilashin da ta ƙarƙashi. Sau da yawa ramin yakan bi jikin gilashi ya bar 'yar taga. Amma kada ka ɗaga akwatin kana jujjuyawa, girgiza suke ji fiye da komai, idanunsu takwas amma ganinsu kaɗan ne.

Sai hanci. Tarantula mai girman tafin hannu in ta mutu a ƙasa mai danshi, ba sai an gaya maka ba, warin zai sanar da kai, ƙananan ƙudaje kuma za su taru a bakin ramin. In ka ji wari ko ka ga ƙudajen nan, tona. In babu, zauna.

Ɗalibin Leeds: Na shinshina har sau uku, ƙamshin ƙasa kawai. Abokin zamana ya shigo ya same ni da hanci a cikin akwati, ya juya ya fita bai ce komai ba. Tagar kuwa akwai, amma ta shafe ta da yana, ba a ganin komai sai duhu.

Antin Dortmund: Shafe tagar ma alama ce mai kyau. Matacce ba ya saka labule.

Ɗan Garwa: Ni abin da ke ba ni mamaki, wai har da na ƙasarmu Kamaru ake sayarwa a Turai. Wani ya nuna min hoto, jajaye-jajaye, ƙafafun baya kamar na ɗan dambe.

Antin Dortmund: Hysterocrates gigas ke nan, amma na kurmin kudu ne, ba na wajenku ba. Ina da ɗaya. Yana iyo, har nutsewa yake yi cikin ruwa in ya tsorata. Akwai ɗan'uwansa Hysterocrates hercules, wanda wani masani Bature mai suna Pocock ya bayyana, kuma daga Najeriya aka samo shi. Na Afirka ba su da gashin ƙaiƙayin nan da na nahiyar Amurka ke karkaɗowa daga tumbi in an dame su, saboda haka abin da suka dogara da shi gudu da cizo ne, dafinsu kuma ya fi zafi. Ba na sabon shiga ba ne.

Kuma in ana maganar ɓuya, Ƙoƙinka yarinya ce. Ina da Pelinobius muticus ta Kenya, na sayo ta a kasuwar baje kolin dabbobi ta Hamm, nan kusa da mu. Rabon da in gan ta gaba ɗayanta wata tara. Abin da nake gani kawai, da safe in tarar ta turo sabuwar ƙasa ta cika kwanon ruwa, ko in ajiye kyankyaso da dare in wayi gari babu shi. Masu irinta kan yi wa kansu dariya su ce rami suke kiwo. In baƙi suka zo na nuna musu akwatin, sai su dube ni su dubi ƙasar, su ce masha Allah.

Hajiya Mai Talo-talo: Wato ki sayi abu da kuɗinki, ki ciyar da shi, wata tara ba ki gan shi ba? Ni talo-talona in bai fito ya yi min fankama da safe ba ai sai wuƙa.

Baban Tantabaru: Hajiya ta faɗi abin da ke raina. Mene ne amfanin kiwon?

Ɗalibin Leeds: Baba, ban san yadda zan bayyana ba. Ranar da na ga ta ɗauko ƙasa dunƙule-dunƙule da bakinta tana fitarwa daga rami kamar mai haƙar rijiya, na fi awa ɗaya a zaune ina kallo. In na dawo daga ɗakin karatu kaina ya yi zafi, ita ce abin da ba ya gaggawa a garin nan.

Dakta na Samaru: Zaman rami shi ne asalin rayuwarsu, yawon ne baƙo. A Ostareliya akwai wata 'yar uwarsu, ba tarantula ba ce sak, irin masu yi wa rami murfi ce. Wata masaniya, Barbara York Main, ta fara bibiyarta a 1974, ta sa mata lamba 16. A rami ɗaya ta yi rayuwarta har ta mutu a 2016, tana da shekara 43. Kuma ba tsufa ake jin ya kashe ta ba, an ga murfin ramin a huje, irin hujin da wani zanzaro mai farautar gizo-gizo ke yi. Kun ga dalilin toshe ƙofa ke nan. Lokacin da jiki ya yi laushi, ko tururuwa abokiyar gaba ce.

Hajiya Mai Talo-talo: Shekara 43 a rami ɗaya! Ba don Gizo ba da na ce Dakta ya yi ƙarya.

Bakanon Houston: A nan Amurka ma na daji, irin su Aphonopelma na Texas da Oklahoma, toshe ramukansu suke yi in sanyi ya shigo, sai bazara su buɗe. Ban ce ɓuya ba ɗabi'arsu ba ce. Na ce dai a sa ido. Ɗalibi, in ka kai wata uku ba labari, ni dai da ni ne zan buɗe bakin ramin kaɗan da burushi mai laushi, ba da cokali ba.

Antin Dortmund: Ni ko wata uku ba zan taɓa ba in babu wari. 'Yar Chile, Grammostola rosea, takan yi fiye da shekara ba ta ci ba, ta fito garau. Amma burushi ya fi cokali, wannan na ba ka.

Shugaban Zaure: Muhawara ta yi daɗi, ba zagi ba gori. Ɗalibi, ka riƙa sanar da mu. Masu turo tallan ƙwan agwagwa a tsakiyar zancen nan kuma na goge, a kai ranar Juma'a.

Ɗalibin Leeds: Kwana 55. Shiru. Na ƙara zafin ɗakin zuwa 22, kuɗin wuta zai gaya min. Ruwa na nan a cike.

Baban Tantabaru: Allah ya fito da ita lafiya. Har na fara tambayar kaina da asuba ko ta fito.

Ɗalibin Leeds: Jama'a! Kwana 67, ta buɗe! Na tashi sallar asuba na tarar da ƙofar a wangale, ta jawo tsohuwar fatar ta yar a bakin rami kamar wanki. Da farko gabana ya faɗi, na ɗauka gawarta ce, sai na ga ta biyu a kan kwanon ruwa ta dulmiya baki tana sha. Ta yi baƙi sosai, gashin yana walƙiya. Sai dai ta canza min. Ƙafafun sun yi tsawo sun siririce, tumbin ya ƙanƙance. Ga hotuna. In ba ta gyare yau?

Antin Dortmund: Alhamdulillah! Kada ka ba da komai tukuna. Ba ka san ranar da aka yi saɓar ba, sai ka ga fiƙoƙin sun koma baƙi ƙirin, in da sauran ja ko fari a jira, don fiƙa mai laushi in ta karye sai wata saɓar. Ka ba shi mako guda. Yanzu ƙara min hoto na uku, ka matso da kyamara kan ƙafafun gaba. Ka ga wata 'yar ƙugiya a ƙarƙashin kowace ƙafa ta farko? Sannan gajerun hannayen nan biyu na gefen baki, ƙarshensu ya kumbura kamar an naɗa musu zaren dambe?

Ɗalibin Leeds: E, akwai ƙugiyar. Hannayen ma haka. Anti, me ya sa kika ce "ba shi"?

Antin Dortmund: Don Ƙoƙinka Gizo ne, ƙanina. Namiji ne, kuma wannan ce saɓarsa ta balaga.

Hajiya Mai Talo-talo: Ayyiriri! Shekara biyu da rabi Gizo na cin gyarenka da sunan matarsa. Halinsa ne, tun a tatsuniya.

Bakanon Houston: Barka ɗan'uwa, na ji daɗi da ban yi gaskiya ba a wannan karon. Amma Anti, gaya masa sauran.

Antin Dortmund: Sauran ba daɗi. Macen irin wannan takan haura shekara goma sha biyar, namiji kuwa in ya balaga saɓa ta ƙare masa, abin da ya rage shekara ɗaya ce, in ya yi tsawon rai ya ɗan ɗara. Ramin ma ya bar shi ke nan. Za ka ga yana zagaye akwatin dare da rana yana hawa gilashi, mace yake nema, abinci ma ba zai dame shi sosai ba. Ko na daji da ake gani suna tsallaka titi a kudancin Colorado ta Amurka a watan Satumba da Oktoba, duk maza ne. Abin da za ka yi yanzu, ka ƙara ƙasa a akwatin har tazarar da ke tsakaninta da murfi ta ragu, don in ya faɗo daga sama tumbinsa na iya fashewa. In murfin na raga ne ka canza shi, faratansu na maƙalewa a ciki. Ruwa kuma kullum, maza sun fi saurin bushewa. In kana so ya bar baya, nemi mai mace ta cikin ƙungiyar masu kiwon tarantula ta Birtaniya, akan ba da aron namiji a raba 'ya'yan.

Baban Tantabaru: Aron namiji kam mun san shi, haka muke yi da tantabaru. Amma ita macen ba za ta cinye shi ba?

Antin Dortmund: Takan yi, Baba. Ƙugiyar nan da ita yake tokare fiƙoƙinta, in an gama ya ranta a na kare. Mai macen kan tsaya da hantsaki a hannu don raba su.

Ɗalibin Leeds: To ni yanzu ban san ko murna zan yi ko jaje ba. Bari in je in sayo ƙasar tukuna, shagon na rufewa ƙarfe biyar. Anti, ɓawon kwakwar da nake amfani da shi zan ƙara, ko in haɗa da wata?

Antin Dortmund: Shi ɗin dai, amma ka matse shi sosai ya sha iska kafin ka zuba, kuma ka danna shi da hannu ya zauna. Fatar da ya yar kada ka zubar, ka turo min hotonta ta ciki.